Ajiya a Hannun Ɗan Amurka

Ɗalhatu bai san Amurka ba, Amurka ce ta san shi. A can aka haife shi, a wani garin manoma na jihar Kansas, lokacin da mahaifinsa ke karatun likitan dabbobi, kuma ko yaye shi ba a yi ba aka goyo shi aka dawo da shi Kano. A Gwammaja ya tashi, a nan ya yi makaranta, a nan ya karya haƙorinsa na gaba wajen ƙwallon layi. Amma suna ya manne masa tun yana rarrafe: Ɗan Amurka. Da ya girma ya gama karatun injiniya, wani kawunsa mai wayon duniya ya ce masa, "Kai wawan ina ne? Allah ya ba ka nama kana cin gayan tuwo? Je ka karɓi fasfonka." Ya je ya karɓa, shuɗi, mai hoton gaggafa a bango.

Wannan fasfon ne ya kawo shi Dubai. Da shi wata masana'antar sanyaya kaya da ke Dubai Investments Park ta ɗauke shi a matsayin da ba ta taɓa ba mai koren fasfo ba, da albashin da shi kansa sai da ya sake duba takardar ya ga ko idonsa ne. A jikin fasfon aka rataya izinin zamansa, a jikin izinin zamansa aka rataya na matarsa Asama'u da na 'yarsu Ummulkhair, a jikin aikin kuma aka rataya inshorar asibiti. Wannan ta ƙarshen ita ce magana. Ummulkhair sikila ce, shekararta tara, kuma kafin su baro gida sau biyu ana rufa mata zani a fuska ana salati, sai Allah ya yi da sauran kwana. A Dubai ana canza mata jini a kan lokaci, har ta yi kumatu, har ta koyi rashin kunya. In fasfon ya tafi, duk wannan ya tafi, kuma Ɗalhatu ya san haka kamar yadda ya san sunansa.

To, mutum mai irin wannan fasfon a cikin Hausawan Dubai ba ya rasa masu gaisuwa. Akwai leburori da masu ɗaukar kaya a bakin jiragen ruwa, akwai teloli da masu guga a lungunan Bur Dubai, yawancinsu mutanen Nijar, waɗanda banki ba ya ko kallonsu. Kuɗi a ɗakin mutum goma sha ba ya kwana lafiya. Sai suka riƙa tarawa a hannun dattijonsu, Malam Mahamadou, wani tela ɗan Damagaram mai farin gemu da ke ɗinki a bayan kasuwar yadi. Shi kuma duk ƙarshen wata sai ya ƙunso su a leda ya kawo wa Ɗalhatu, a zuba a asusunsa. In wani zai tura gida, ko matarsa ta haihu, ko za a sayi buhun gero kafin ya yi tsada, Malam Mahamadou ya faɗa, Ɗalhatu ya cire ya miƙa. Ko sisi bai taɓa ci ba, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaide shi.

Rubutu fa? Babu. Ran farko Ɗalhatu ya ɗauko biro, dattijon ya kalle shi kamar ya zage shi.

"Haba Injiniya. Ni zan ba ka ajiya ka rubuta? Ashe ba ka yarda da ni ba, ko ni ne ban yarda da kai ba? Allah na gani, khalas, magana ta ƙare."

Kunya ta kama Ɗalhatu ya mayar da biro aljihu. Shekara da shekaru aka yi ana haka, lissafi yana kan Malam Mahamadou, kuɗi yana asusun Ɗan Amurka, ba a taɓa jin kansu ba.

Wata ranar Talata da hantsi, yana tsaye a bakin ɗakin ƙanƙara sanye da rigar sanyi, wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce daga banki, muryarta a sanyaye, irin ladabin da ba ya zuwa da alheri. Ta ce suna sabunta bayanan masu asusu 'yan ƙasar Amurka, domin doka ta sa su sanar da hukumar harajin can abin da ke shiga da fita. Ta nemi lambarsa ta biyan haraji. Ta kuma ce akwai tsabar kuɗi da ke shiga asusunsa duk wata ban da albashi, za su so ya yi bayaninsu.

Ɗalhatu ya yi dariya. Ya ce mata shi fa a Dubai yake, ƙasar da ba a cire haraji a albashi, Amurka kuwa rabonsa da ita tun yana shan nono. Matar ta jira ya gama dariyarsa, sannan ta ce ba gaggawa, amma ya nemi mai ba da shawara. Ta yi masa fatan alheri ta kashe. Ya tsaya da wayar a hannu, zufa na bin bayansa a cikin wannan sanyin.

Wanda ya nema Mubashir ne, wani akanta ɗan Kaduna da ke aiki a wani ofishi a unguwar Port Saeed ta nan Dubai, inda suke gyara wa Amurkawa mazauna waje takardun haraji. Siririn mutum ne mai tabarau, ba ya gaggawar magana kuma ba ya sa mata sukari. Ta tagarsa ana hango jiragen katako a jere a bakin ruwa, ana loda musu firji da tayoyi. Ya zuba wa Ɗalhatu shayi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya murza ido.

"Yaya Ɗalhatu, tunda ka karɓi fasfon nan, sau nawa ka cike musu takardar haraji?"

"Wace takarda? Ni da ban taɓa cin ko ƙwayar shinkafarsu ba?"

"Ka ci mana. Albashin nan naka ai shinkafarsu ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Mubashir ya mayar da tabaransa. "Su dokarsu ba ruwanta da inda kake kwana. In dai ɗan ƙasa ne kai, ko a cikin rijiya kake zaune, duk shekara sai ka faɗa musu abin da ka samu da inda ka ajiye shi. Albashinka ba shi ne damuwata ba, akwai rangwame ga mazauna waje, kuma akwai ƙofar da suka bari ga wanda bai sani ba. Damuwata kuɗin ledar nan."

"Ba nawa ba ne. Ajiya ce."

"Na yarda, don ni Bahaushe ne. Je ka gaya wa Baturen da bai taɓa jin an ba mutum dukiya ba takarda ba. A idonsa wannan kasuwanci ne ka ɓoye, shekara da shekaru. In suka ɗauke shi a haka, haraji ne da tara a kan tara, abin da ko ka sayar da kanka ba za ka biya ba. Wanda kuma suka rubuta masa babban bashi, suna iya hana shi sabon fasfo. Naka yaushe zai ƙare?"

Ɗalhatu ya faɗa masa. Bai kai shekara ba.

Mubashir ya rubuta ranar a takarda. Sannan ya ce hanya ɗaya yake gani: wanda ke kawo kuɗin da hannunsa ya je ofishin da ake rantsuwa a buga hatimi, ya bayyana cewa dukiyar tasu ce, Ɗalhatu mai riƙo ne kawai. Da wannan shaidar za a iya rufe bakin banki, a shiga ta ƙofar waɗanda ba su sani ba.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Ɗalhatu, har ya fara jin iska na shigarsa. "Malam Mahamadou ko wuta na ce ya shiga zai shiga."

"Takardunsa lafiya?"

Nan ne Ɗalhatu ya ajiye kofin shayi. Kowa ya san labarin dattijon. Wani mai shagon ɗinki ne ya kawo shi shekarun baya, ya riƙe masa albashi, da ya gaji ya bar shagon sai mutumin ya kai rahoto cewa ya gudu. Tun daga lokacin Malam Mahamadou yake zaune a tsakanin keken ɗinki da masallaci, ba ya zuwa inda ake tambayar suna.

"To ka ji da kyau," in ji Mubashir, ya rage murya duk da ba kowa a ofishin. "Fasfonsa in yana da rai, za su karɓi rantsuwarsa. Amma da zarar sun ɗora shi a kan na'ura, rahoton nan zai fito. Wataƙila su kau da kai. Ni dai ban taɓa ganin sun kau da kai ba. In ka kai shi, ka kai shi da saninka, kada gobe ka ce ban faɗa maka ba."

Ɗalhatu ya fito ya rasa inda ya ajiye motarsa. Gaba kura, baya siyaki.

A gida ya so ya ɓoye maganar, amma Asama'u ba yarinya ba ce. Ta ga ya tura tuwo gefe, shi da ko zazzaɓi bai taɓa raba shi da miyar kuka ba. Ta bari sai da Ummulkhair ta shiga ɗaki da littattafanta, sannan ta zauna a gabansa.

"Baban Ummu, wa ya mutu?"

Ya kwashe duka ya gaya mata. Ta saurara hannunta a haɓa, da ya zo kan maganar fasfo sai ta juya ta kalli ƙofar ɗakin 'yarta, ta daɗe tana kallo.

"Na sha gaya maka ka daina karɓar ledar nan," ta ce. "Ka ce kunya. To ga kunya nan ta haihu." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni ban ce ka cuci kowa ba, Allah ya tsare ni. Amma ka tuna ranar da muka zaga asibiti uku a Kano da yarinyar nan a kafaɗarka ana ce mana ba jini. Ni ba zan sake wannan ranar ba. Ka san yadda za ka yi."

Ya nemi wata hanyar, a yi masa adalci. Ya je wurin shugaban ma'aikata ya tambaya a kaikaice ko za a iya mayar da izinin zamansa kan koren fasfo. Mutumin ya yi murmushi ya ce muƙamin da inshorar a kan wancan aka ba shi, in an canza sai a sake duba komai daga tushe. Ya tuntuɓi biyu daga cikin masu ajiyar waɗanda takardunsu ke da kyau. Na farko ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da Bahaushe ya san ma'anarta. Na biyu ya ce shi ai bai taɓa miƙa wa Injiniya kuɗi da hannunsa ba, Malam yake ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kafin mako ya zagayo, gaisuwar da ake yi masa a bakin masallaci ta ragu, wasu har suna sauya layi. Matar banki ta sake kira, muryarta ta ƙara laushi, ta ce har yanzu suna jira.

Ana cikin haka ciwon Ummulkhair ya tashi. Ba mai tsanani ba ne, kwana kaɗan ta yi a gadon asibiti. Amma Ɗalhatu ya zauna a gefenta yana kallon jini na sauka a hankali ta siririn bututu, ma'aikaciyar jinya ta karɓi katin inshora ta dawo da shi ba tare da an nemi ko sisi ba, sai tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Yarinyar ta buɗe ido ta ce masa ya daina ɓata fuska, yana sa ta jin kamar za ta mutu. Ya yi mata dariyar dole. Da aka sallame su, washegari da la'asar ya nufi Bur Dubai.

Ya tarar da Malam Mahamadou a ɗan ɗakinsa na ɗinki, fanka na juya zafi, yana kafa wuyan wata jallabiya. Dattijon ya ture keke ya share masa kujera. Aka gaisa, aka tambayi jikin yarinya, aka yi addu'a. Ɗalhatu ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso ga maganar, ya bayyana ta dalla-dalla: banki, haraji, fasfo, rantsuwa. Abu ɗaya kawai ya tsallake.

Malam Mahamadou ya tafa hannu. "Ikon Allah! Wato ƙasar da ka baro kana cikin zani ita ke bin ka har nan? Mu da muke cewa ka huta. To, yanzu don wannan ne ka rame? Ai da ka aiko yaro ma ya isa. Dukiyarmu ce, gaskiya ce, me zai hana in faɗa? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Ya ɗauki zare zai zura a allura, sai ya dakata.

"Sai dai ka san halin da nake ciki, Injiniya. Wajen nan da za mu je, ba sa duba wancan zancen na mai shago ko? Kai ka yi boko, ka san kansu. In ka ce ba komai, ba komai."

Ɗalhatu ya tuna bututun nan da jini ke sauka a asibiti.

"Ba komai, Baba," ya ce. "Rantsuwa ce kawai, a buga hatimi mu fito."

"Khalas. Allah ya kai mu."

Ran da za su je, dattijon ya sha farar shadda wadda ya ɗinka wa kansa tun wata sallah, ya ɗora hula, ya fesa turare. A cikin kwalekwalen da ke tsallaka da mutane zuwa Deira ya yi ta surutu kamar yaron da za a kai kasuwa. Ya ce rabonsa da hawa ruwan nan da rana tsaka har ya manta. Ya nuna wa Ɗalhatu wani dogon bene ya ce lokacin da ya zo fili ne. Ya ba shi labarin gidan da yake ginawa a Damagaram, saura rufi, da autarsa da za ta zana jarrabawar fita bana, wai likita take so ta zama, ji fa. Ɗalhatu yana ta cewa "Ma sha Allah", idonsa a kan ruwa. Sau biyu ya buɗe baki zai ce su koma, injin kwalekwalen na ta ƙugi, ya rufe bakinsa.

Ofishin tsaf yake, sanyi ƙalau, kujeru a jere, lamba na fitowa a allo. Mubashir ya riga su zuwa da takardar a cikin jaka. Ya gaida dattijon har da rusunawa, ya kalli Ɗalhatu sau ɗaya, bai sake kallonsa ba. Da lambarsu ta fito, Malam Mahamadou ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi.

"Riƙe min wannan, kada ta yi ƙara a gaban manya in ji kunya."

Daga inda Ɗalhatu ke zaune yana ganin komai ta gilashi. Ma'aikacin ya karɓi fasfon ya ɗora a kan na'ura. Tafinta ya karanta takardar, dattijon yana gyaɗa kai, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa, ya sa hannu a hankali da rubutun ajami. Aka buga hatimi, har nan Ɗalhatu ya ji ƙararsa. Ma'aikacin ya miƙa wa Mubashir takardar, amma fasfon bai miƙa ba. Ya sake duba allon gabansa, ya ɗauki wayar tebur ya yi 'yar magana, ya ajiye, ya yi wa dattijon murmushi ya nuna masa kujera.

Ba a yi hayaniya ba. Wani mutum cikin kaki ya fito ta wata ƙofa ta gefe, ya yi sallama, ya ce shwaiya, wato ɗan lokaci kaɗan, 'yan tambayoyi ne. Malam Mahamadou ya miƙe ya gyara hularsa. A bakin ƙofar ya waiwayo yana neman Ɗalhatu a cikin masu jira, da ya gan shi sai ya ɗaga masa hannu, alamar ya jira shi yanzu zai fito. Ƙofar ta rufe.

Mubashir ya zo ya tsaya a kansa. "Wannan ta isa," ya ce, yana saka takardar a jaka. "Gobe zan kai banki, sauran aikin nawa ne. Fasfonka zai fito." Ya saɓa jakarsa ya fita.

Ɗalhatu bai tashi ba. Lambobi suka yi ta canzawa a allo, mutane na shiga suna fita, ƙofar gefen ba ta sake buɗewa ba. Ya samu abin da ya zo nema, 'yarsa za ta ci gaba da samun jini a kan lokaci, kuma bai taɓa jin ya tsani kansa kamar wannan lokacin ba.

Wayar dattijon ta fara rawa a tafin hannunsa. A kan fasasshen gilashin an rubuta Kadija, sunan matarsa da ke Damagaram. Ya bar ta ta katse. Ta sake kira. Mutumin da ke kusa da shi ya juyo ya harare shi, sai ya ɗauka ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, Malam?" Muryar mace ce daga nesa, da kukan awaki a bayanta.

"Wa alaikumus salam. Ba shi ba ne, Inna. Ɗalhatu ne."

"A'a, Ɗan Amurka! Yau Allah ya yi na ji muryarka. Yaya jikin 'yar taka? Malam ya ce mana yau za ku fita tare, tun asuba gabana ke faɗuwa, ka san shi ba ya fita. Amma tunda yana hannunka hankalina ya kwanta. Ba ni shi mana, masu rufin gida ne suka zo suna jira."